Albasar ajiya: a yanke lawashi ɗanye, ko a bari ya bushe a jikinta?

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu albasa ke cika kasuwannin jihar Tawa a Nijar. Garkunan kwarin Majiya da na Tarka, da na wajen Kaita da Tamaske, kusan lokaci guda suke nuna, shi ya sa buhu ke faɗuwa warwas a Galmi da Tsarnawa da Madawa. Sai damina ta kankama kuɗinta ke fara hawa, su kai ƙololuwa daga kaka zuwa farkon ɗari. Kowa ya san haka, kuma kowa na son ya riƙe kayansa har kasuwa ta tashi. Ruɓa ce ke hana shi. Ruɓar nan da ake tararwa cikin rudu, wato rumbun albasa na kara da jinka, a watan Agusta kuwa, galibinta tun daga garka aka shigo da ita, tsakanin mako biyu na ƙarshe kafin cira da mako biyu na bayanta.

Hanya biyu ake bi da albasa idan an cire ta. Wasu suna yanke lawashi nan take yana ɗanye, su tara ƙwaya. Wasu suna shanya ta da lawashinta har wuya ya bushe, sa'an nan su yanke. Kowace na da wanda ta dace da shi, amma akwai abubuwa uku da ke gaba da wuƙa, waɗanda idan aka kuskure su babu hanyar da za ta gyara.

Na farko nuna. Albasar Galmi takan ɗauki wajen wata huɗu bayan dashe. Alamar nunarta a wuya take: ya yi laushi, lawashi ya kwanta da kansa. Idan rabin fangali zuwa kashi biyu cikin uku ya kwanta, lokacin cira ya yi. Wasu kan bi su tattake lawashi da ƙafa ko su ja icce a kai don ta yi saurin nuna. Wannan kwantar da ganye kawai yake yi, ƙwaya na nan ɗanya, ga kuma rauni an yi wa wuya. Na biyu ruwa. Albasar da za a ajiye, a tsayar mata da ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira. A ƙasar laka mai riƙe danshi a kai ƙarshen wannan adadi, a jigawa mai yashi mako guda zuwa kwana goma ya isa. Manomin da ya ba ta ruwa jajibirin cira don ƙasa ta yi taushi, ko don ƙwaya ta ƙara nauyi, ya sani cewa ta sayarwa ya cire. Na uku taki. Farin takin zamani, idan aka ci gaba da zuba shi bayan ƙwaya ta fara kumbura, yana ba da albasa manya masu kyan gani, amma wuyansu kauri gare shi kuma ruwa ya yi musu yawa. Wuya mai kauri ba ya rufewa da kyau ko da an yi wata ana shanya.

Yanzu yankan ɗanye. Ba a banza ya yaɗu ba. Ƴan ƙwadago suna cira suna yanka, yini ɗaya ko biyu an gama, ba sai an sake kiran su ba. Ba a kwana gadin albasa a fili saboda awaki da masu ɗan hali. Ƙwaya na da cikakken nauyinta, buhu na saurin cika. Lawashin ɗanye ne, mata za su daka shi su cura su shanya ya zama gabu, wanda shi ma kuɗi ne. Sa'an nan mai garka da ke da bashin man injin ban ruwa da na taki a wuyansa, dillali kuma na tsaye da mota, ba ya da sararin jiran mako biyu.

Illarsa tana cikin yadda Allah ya halicci albasa. Kowane ganyen lawashi, idan ka bi shi ƙasa, shi ne ya zama ɓawo ɗaya daga cikin ɓawon da suka naɗe juna suka yi ƙwaya. To idan ka sa wuƙa a wuya yana ɗanye, ka buɗe wa kowane ɓawo ƙofa har cikin cibiya. Duba wurin yankan bayan minti biyu: ruwa ne mai yauƙi ke tsattsafowa, ƙura na manne masa. Ta nan ƙwayoyin cutar ruɓa ke shiga. Wuƙar da ta yanki mai ciwo ita za ta yanki lafiyayyu ɗari da ke bayanta. Mugun abin shi ne ba a ganin komai ranar. Albasa na sheƙi, ɓawo lafiya lau. Sai bayan mako uku ko wata guda ka matsa kusa da wuya ka ji ya lotsa, ruwa mai wari ya fito. Ka tsaga ta ka tarar ɓawo ɗaya ko biyu na ciki sun narke, na waje da na tsakiya suna nan garau.

Wanda dole ta sa shi yankan ɗanye yana iya rage asara. Kar ya yanke dab da ƙwaya. Ya bar wuya mai tsawon yatsa uku, wajen santimita 4 zuwa 5, domin bakin ya bushe ya tsuke tun ciwo bai gangara ba. Ya ware duk wadda ta nuna alamar ciwo kafin a fara yanka, kar wuƙa ɗaya ta haɗa su. Kar a zuba a buhu ranar. A baza ta ƙarƙashin rumfa, ɗaya bisa ƙasa ba tari ba, kwana uku zuwa biyar. Da haka za ta iya jure tafiyar Akara ko Abijan da ƴan makonnin kasuwa. Amma a ganinmu ko an yi duk wannan, albasar yankan ɗanye ba ta rudu ba ce.

Shanya da lawashi ta fi cin lokaci da ido. A cire da safe ko da la'asar, a kaɗe ƙasa da hannu, kar a bubbuga ƙwaya da ƙwaya. A jera su layi layi a kan busasshen fangali, yadda lawashin layi na biyu zai rufe ƙwayar layi na farko, na uku ya rufe na biyu, har ƙarshe. Layin da ya rage a buɗe a yafa masa kara ko ciyawa. Wannan rufin shi ne ginshiƙin aikin. Ranar Afrilu a Adar, wato yankin Tawa, tana wuce digiri 40 a inuwa, ƙasa kuwa ta fi haka nesa. Ƙwayar da ta yini tsirara a wannan rana, gefen da ya kalli sama yakan koɗe ya yi fari, ya yi laushi tamkar an tsoma shi a tafasasshen ruwa, kuma nan ruɓa za ta fara. Mutane da yawa da suka gwada shanya suka ce ba ta da amfani, ƙuna ce ta cuce su.

A farkon Maris, da sauran sanyin safiya, ana iya barin ta a fili kwana biyar zuwa mako guda. A Afrilu kwana biyu ko uku sun isa, sai a kwashe zuwa rumfar zana mai buɗaɗɗen gefe, a baza a kan kara ko asabari, kauri kar ya wuce ƙwaya biyu, ana juyawa duk bayan kwana biyu. Gaba ɗaya aikin yakan ci kwana 10 zuwa 14. Kar a dogara da lissafin kwana kaɗai, a gwada da hannu. Kama wuya tsakanin babban yatsa da manuni ka murza. Idan ka ji yana santsi a ciki, da sauran ruwa. Idan ya tsuke ya zama siriri, ba ya zamewa, ɓawon waje na ƙara idan ka shafa, launin ya fito ja mai duhu da sheƙi, to ta yi. A lokacin za a yanke, a bar santimita 2 zuwa 3, wato faɗin yatsa biyu. Saiwar da ta bushe da murzar hannu take zubewa. Idan an sa wuƙa, a kiyaye faifan gindi, domin raunin gindi ya fi na wuya wuyar warkewa.

Abin da ake biya a wannan hanya: ƙwaya takan rage nauyi kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, ana biyan ƴan aiki sau biyu, lawashi ya bushe ya zama tarkace, ba gabu mai kyau. Ga kuma hatsarin ruwan bazara ga wanda ya yi dashe a makare har cirarsa ta kai Mayu. Idan hadari ya taso albasa na ƙasa, a kwashe. Idan ta jiƙe, a sake shanya daga farko, kar a ce ai ɗan yayyafi ne. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a shanya a fangalin da ke maƙwabtaka da wanda ake ba ruwa, danshi ya biyo ta ƙasa, saiwa ta sake farfaɗowa. Akwai kuma wuce gona da iri: idan ta daɗe cikin busasshiyar iska mai zafi, ɓawon waje yakan tsattsage ya zube, ta zama tsirara. Albasa mara riga tana saurin yamushewa, kuma ƴan kasuwa na rage mata kuɗi.

Bayan yanka sai tsinta, kuma nan ne son zuciya ke shiga. Mai garka yana kallon manyan nan yana so su kai lokacin tsada, alhali su ne farkon ruɓewa. Matsakaita, masu tauri, masu siririn wuya da cikakken ɓawo, su ne na ajiya. Manya ƙwarai, da tagwaye, da masu kaurin wuya, da wadda ta fitar da zangarniyar fure (tsakiyarta icce ne mai rami, ba ya rufewa), da wadda fartanya ta sara, duk a kai su kasuwa yanzu ko a yanka a shanya. Waɗanda suka lalace kuma, da masu farin funfuna a gindi, a nisanta su daga wurin ajiya, a binne. Kar a tula wa shanu. Albasa mai yawa tana lalata musu jini.

Sai wurin ajiya. Rudu shi ne na gado: gwafanni a kafe, a ɗaura itace a kai, a shimfiɗa karan dawa ko na gero, a kewaye da zana, a yi masa jinka. Kayan aikinsa duk na gida ne, mutum biyu ko uku sun iya tayar da shi cikin ƴan kwanaki, kuma iska na ratsa shi ta ko'ina, abin da albasa ke so ke nan. Rauninsa uku ne. Ana tula albasa da zurfi, ta ƙasa na ɗauke da nauyin ta sama, zafi da gumi na taruwa a tsakiya. Ba a iya ganin abin da ke ciki sai an kwashe duka, don haka ƙwaya ɗaya mai ruɓa takan ɗiga a kan goma kafin hanci ya ji. Sa'an nan jinka idan ba ta yi kauri ba, ruwan Agusta na ratsa ta, gara kuma na cin gwafanni ta ƙasa.

Duk ukun ana iya rage su ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A ɗaga gadon rudu aƙalla rabin mita daga ƙasa, a share ƙarƙashinsa, kar a mai da shi wurin ajiye tarkace ko makwancin kaji. Gara ƙananan rudu biyu ko uku da babba ɗaya. A tsakiyar tarin a tsayar da damin kara ko kwando mara gindi, ya zama hanyar da zafi zai bi ya fita sama. A sabunta jinka kafin Yuni, ta zarce bango sosai, a ninka zana ta gefen gabas, tunda ta nan hadari ke bugowa, ƙofa kuwa ta kalli yamma. A gina shi a tudu inda iska ke wucewa, ba a lungun katanga ba.

Mangazar ajiya ta zamani, irin wadda ma'aikatan gona ke kira RESEDA da makamantanta, ɗaki ne na birgi mai kafofin iska a ƙasa da sama, da gadaje hawa hawa a ciki da hanya a tsakiya. Iska mai sanyi na shiga ta kafofin ƙasa, mai zafi na fita ta na sama. Babban amfaninta shi ne ido da hannu suna kaiwa ga kowace ƙwaya: ana baza albasa kaurin ƙwaya biyu ko uku a kowane gado, mutum ya shiga duk mako ko kwana goma ya tsince masu ciwo. Ga kulle, ga tsaro daga gobara da dabbobi, ga daɗewa shekaru. Amma tana cin kuɗi da itace, kuma idan aka gina ta ba daidai ba ta fi rudu muni. Rufin kwano tsirara, ba ciyawa ko zana a ƙarƙashinsa ko bisansa, yana mai da ɗakin tanda. Kafofin da aka yi ƙanana, ko aka toshe da tsumma saboda ɓera maimakon a sa musu raga, suna kashe iskar gaba ɗaya. Tsawon ginin ya bi gabas da yamma, don kar rana ta yini tana dukan dogon bango. Wanda kuma ya cika gadajen har sama don kar wuri ya tafi a banza, ya sayi mangaza ya mai da ita rudu mara iska.

Yana da kyau a san abin da ake yaƙi da shi wata bayan wata, domin yana canzawa. A Afrilu da Mayu zafi ne da bushewa: albasa na barci, ba ta tsiro, sai dai tana rage nauyi. Zafin da ya haura digiri 28 zuwa 30 yana hana ta tofo, shi ya sa ajiya ba firji ke yiwuwa a ƙasarmu. Daga Yuli zuwa Satumba danshi ne abokin gaba. Albasa ta fi son iska mai laima kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Idan ta haura 80 ga zafi, sai baƙin funfuna ya bayyana, garin nan mai kama da gawayi da ke bin jijiyoyi ƙarƙashin ɓawon waje, saiwa kuma ta fara fitowa a gindi. Idan sanyi ya fara sauka wajen Nuwamba, barcin ya ƙare, sai tsiro, ƙwaya ta zama fanko. Don haka mai ajiya ya sa a ransa cewa zai fitar da kayansa kashi kashi, ba ya jira ranar da kuɗi za su kai ƙarshe ba. Maganin ƙwari da wasu ke barbaɗawa, ko ƙwayar da ake sa wa wake a buhu, ba abin da suke yi wa funfuna ko ruɓa. Guba ce kawai aka ƙara wa abincin mutane.

Lissafin da zai raba gardama mai sauƙi ne. Mu ce ka ajiye buhu 100. Idan ka fitar da 85, kuɗin buhu na bukatar ƙaruwa da kusan kashi 18 cikin ɗari kafin ka dawo inda kake ranar cira. Idan 70 suka fita, sai ya ƙaru da kashi 43. Idan rabi ya tafi, sai ya ninka. A kan wannan ka ɗora kuɗin gini, da na masu tsinta, da ribar da kuɗin za su yi maka da suna hannunka tun Afrilu. Shanya mai kyau tana matsar da kai daga babbar asara zuwa ƙarama da kuɗin ƙwadagon kwana goma. Mangaza tana ƙara matsar da kai, amma da kuɗin gini. Shi ya sa muke ganin mai ƙaramin ƙarfi ya fara gyara ruwa da taki da shanya, ya ga abin da rudunsa zai ba shi shekara ɗaya ko biyu, kafin ya ci bashin birgi. Mangaza ta fi dacewa da ƙungiya ko mai garka babba, inda akwai wanda aikinsa ne shiga yana dubawa.

Waɗanda aka ware wajen tsinta fa? Nan ne yanka da shanyawa ke da riba, musamman a Afrilu da albasa ba ta da daraja, rana kuma kyauta ce. A ɓare, a yanka siriri, kaurin milimita 3 zuwa 5, a baza a kan tabarma ko raga da aka ɗaga daga ƙasa, a rufe da yadi mai shara shara saboda ƙuda da ƙura. Cikin kwana biyu zuwa huɗu takan bushe. Alamar ita ce ta karye ƙaras idan an lanƙwasa, ba ta lanƙwashe ba. Kilo 8 zuwa 10 na ɗanya ke ba da kilo 1. Busasshiyar albasa na jan danshi da sauri, don haka a zuba ta cikin jarka ko bokiti mai murfi tun kafin iskar damina ta juyo, in ba haka ba ta yi laushi ta dunƙule ta yi baƙi. Mai ruɓa ba ta shiga nan. Wadda fartanya ta sara jiya ko mai kaurin wuya ake nufi.

To wa zai bi wace? Wanda ya yi cirar farko, a Janairu ko Fabrairu, kasuwa na da sauran kuɗi, ba shi da dalilin ajiya: ya yanke ɗanye da dogon wuya, ya sha iska kwana uku, ya sayar, ya ci kuɗin gabu. Haka wanda ya san ya cika farin taki ko ya ba da ruwa har ƙarshe. Kar ya yaudari kansa da rudu. Wanda cirarsa ta faɗo tsakiyar cunkoso, kuma ya kiyaye ruwa da taki, ya raba garkarsa tun kafin cira: fangalan da za su biya bashi a yi musu yankan ɗanye, fangalan ajiya a yanke musu ruwa da wuri a shanya su da lawashi. Raba su a fangali ya fi raba su a tari, domin bayan an yanke ba mai iya bambance su da ido.

Ranar fitarwa ma akwai abin kiyayewa. Albasar da ta yi wata huɗu a ajiye ɓawonta ya saki, ba ta jure jifa. A sake tsinta, a bar ta ta sha iska yini guda a inuwa, a zuba a buhun algarara ko na raga. Buhun leda irin na taki yana riƙe gumi, kwana biyu a bayan mota ya isa ya tayar da funfunan da ya kwanta. Babban buhun nan mai hula da ya haura kilo 100, shi ƴan kasuwar Kumasi da Akara suka saba da shi, amma ƙwayar da ke ƙasansa tana shan matsi, ga ƴan dako na tiƙa shi da ƙasa saboda nauyi. Idan mai saye ya yarda da buhun raga na kilo 25 ko 50, a ba shi a haka, kuma a yi lodi da yamma ko da asuba, a bar rata tsakanin layukan buhu, kar a ɗaure tamfal har ƙasa sai in hadari ya haɗu.